Waiwaye: yadda aka koyi lissafa ambaliya kafin ta iso

Duk hasashen ambaliya da hukumomi ke fitarwa yau yana tsaye ne kan tambaya guda: idan ruwan sama mai yawa kaza ya sauka a wani yanki, nawa ne daga ciki zai kai kogi, cikin awa nawa, kuma in ya kai, ina zai tsaya? Abin da masana ruwa ke kira samfuri, wato tsarin lissafin da ke kwaikwayon tafiyar ruwa tun daga saukarsa har ya tsallake gaɓa, yunƙuri ne na samun amsa kafin kogin ya bayar da tasa. An haura shekara 300 ana wannan yunƙuri, kuma an sha canja hanya.

Awo ya girmi lissafi nesa ba kusa ba. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yanzu akwai ma'aunin Nilu da aka gina a shekarar 861, rijiya ce mai ginshiƙi a tsakiya, an tsaga masa zane kamu-kamu. Inda ruwa ya tsaya a jikin ginshiƙin, shi ke nuna irin amfanin gonar da za a samu da harajin da za a yanka. Amma ma'auni abin da ya riga ya faru yake faɗa. Dalilin tashin ruwan kuwa, har ƙarni na 17 masana da yawa a Turai sun ɗauka ruwan sama bai isa ya ciyar da koguna ba, suna ganin ruwan teku ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a duwatsu. Pierre Perrault ne ya zauna ya gwada. Ya auna ruwan saman da ke sauka a yankin da kogin Seine na Faransa ya faro, ya kwatanta da abin da kogin ke ɗauka, a 1674 ya bayyana cewa kogin bai kwashe fiye da kusan kashi ɗaya cikin shida na ruwan ba. Ashe ruwan sama ya isa har ya yi rara. Daga nan tambaya ta juya: sauran kashi biyar ɗin ina suke tafiya?

Samfuri na farko da za a iya aiki da shi ya fito ne daga hannun Thomas Mulvaney, injiniyan magudanan ruwa a Ailan, a 1851. Lissafinsa gajere ne: a ninka faɗin yanki da ƙarfin ruwan sama, sannan a ninka da wani adadi tsakanin sifili da ɗaya wanda ke nuna kason da ƙasa ba ta shanye ba. Basirar da ke ciki ita ce batun lokaci. Ya lura cewa kogi yana kaiwa ƙololuwar tashinsa ne idan ruwa ya daɗe yana zuba har ɗigon da ya sauka a lungu mafi nisa ya iso, domin a lokacin ne dukkan yankin ke turo ruwa a tare. Har gobe da wannan lissafi ake fitar da girman kwalbati da lambatu a ƙasashe da dama. Sai dai ƙololuwar kawai yake bayarwa, ƙaramin yanki yake wa amfani, kuma wancan adadi na tsakiya, injiniya ne ke zaɓo shi daga jadawali gwargwadon ganinsa. A 1871 wani masani Bafaranshe mai suna Saint-Venant ya rubuta ƙa'idojin da ke bayyana yadda igiyar ambaliya ke tafiya a cikin kogi, amma ba mai iya warware su da alƙalami a kan kogi na gaske. Haka suka zauna a takarda kusan shekara 80, sai da kwamfuta ta zo.

Shekarun 1930 ne suka kawo sauyi, galibi a Amurka, wadda ambaliyar Misisipi ta 1927 ta girgiza. A 1932 LeRoy Sherman ya nuna cewa kowane yanki yana da salon da yake amsa ruwa da shi: in ka san yadda kogi ya tashi ya sauka bayan ruwan inci ɗaya, za ka iya ninkawa ka jera don gano abin da ruwan inci uku zai yi. Shekara guda bayan haka Robert Horton ya kawo bayanin da ya mamaye littattafan koyarwa: ƙasa tana da iyakar saurin shan ruwa, iyakar tana raguwa yayin da take jiƙa, duk abin da ya zarce sai ya malala a sama ya nufi kogi.

A wannan zamanin ne kuma aka yi wani aiki da ya cancanci a tsaya a kansa. Tun daga 1943, sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya fara gina kwaikwayon kogin Misisipi da rassansa a kusa da garin Clinton, a fili mai kimanin eka 200, kuma fursunonin yaƙi Jamusawa ne suka yi aikin share filin da farko. Da kankare aka zuba kwaruruka da tuddai, aka rage tsawo da faɗi sau 2,000, tudu da zurfi kuma sau 100 kacal, don ruwan ya samu zurfin da za a auna. Ana kafa ƙananan ƙarafa a cikin hanyar ruwa su tsaya a madadin duwatsu, ana naɗe ragar waya a gefe ta zama daji. Sai a buɗe famfo, abin da kogi zai yi a yini guda ya wuce cikin 'yan mintoci, ma'aikata na bin gaɓa suna karanta tsayin ruwa. A ambaliyar kogin Missouri, reshen Misisipi, ta 1952 an yi amfani da shi wajen gano inda ganuwa za ta gaza. Ba a kammala ginin ba sai 1966, wato daidai shekarar da Norman Crawford da Ray Linsley na Jami'ar Stanford suka fitar da cikakken samfurinsu na kwamfuta. An gama kankaren ke nan a lokacin da magajinsa ya iso.

Samfuran kwamfuta na farko kusan duk tsari ɗaya suka bi, kuma na Masami Sugawara na Japan ya fi fito da shi fili: tankuna ne a jere, wani bisa wani, kowane da ɓula a gefe da ƙasa. Ruwa ya zuba a na sama, wani ya fita ta gefe ya zama malala, wani ya zurara na ƙasa ya zama danshi, na can ƙasa kuma shi ke ciyar da kogi da rani. Girman ɓulolin ba a auna shi a fili. Ana murɗa lambobin ne har sai abin da kwamfuta ta fitar ya dace da abin da tashar awo ta rubuta a shekarun baya. Wannan daidaitawa ita ce ƙarfin samfurin, ita ce kuma rauninsa, don kogin da ba shi da tashar awo babu abin da za a daidaita da shi.

Ana cikin haka sai masu shiga daji da takalmin roba suka dawo da labari mai rikitarwa. John Hewlett a dazukan Coweeta, da Thomas Dunne da Richard Black a Vermont a 1970, duk a Amurka, sun tarar cewa a ƙasa mai ciyayi da ni'ima da wuya ka ga ruwa na malala a gangare yadda Horton ya siffanta. Ƙasar tana shanye kusan komai. Ambaliyar tana fitowa ne daga 'yan wurare a gefen rafi da suka riga suka ƙoshi, waɗanda ke faɗaɗa yayin da ruwa ke zuba. A wajen wannan zamanin ne aka fara bin sawun ruwa ta sinadaran da ke cikinsa, sai ga abin da ya fi ban mamaki: a rafuka da yawa, mafi yawan ruwan da ke wucewa lokacin ambaliya tsoho ne, ya yi makonni ko watanni a cikin ƙasa, sabon ruwan turo shi kawai ya yi. Bayanin Horton bai mutu ba, yana nan daram a busasshiyar ƙasa da gonakin da suka taurare da birane masu kwalta. Amma an gane cewa samfuri na iya bayar da amsa daidai alhali labarin da ke cikinsa ba daidai ba ne.

Maganin da aka nema shi ne a yanka yanki zuwa dubban murabba'ai, a lissafa kowane da dokokin kimiyya. Cibiyoyi uku na Denmak da Faransa da Birtaniya suka haɗu suka fitar da irin wannan samfuri mai suna SHE a 1986. Keith Beven na Jami'ar Lancaster ya zama babban mai sukar wannan buri. Hujjarsa ita ce ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin kowane murabba'i, don haka murɗa lambobi bai ƙare ba, ƙaruwa ma ya yi. A 1992 shi da Andrew Binley suka nuna hanyar aiki da gaskiyar cewa jerin lambobi da yawa mabambanta na iya dacewa da bayanan baya daidai wa daida, su kuma raba gari a kan ambaliyar gobe. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a tarihin fannin, kuma shi aka fi jinkirin isar wa jama'a.

Garin Grand Forks na Amurka ya biya kuɗin wannan jinkiri a Afrilun 1997. An yi hasashen kogin Red River da ke ratsa wurin zai tsaya a ƙafa 49, mutane suka ɗaga ganuwa da buhunan yashi bisa wannan adadi da ɗan ƙari. Kogin ya wuce ƙafa 54, aka kwashe kusan mutum 50,000. Ɗaya daga cikin matsalolin ita ce tashar awo tsayin ruwa take karantawa, ana mayar da shi yawan ruwa ne ta wani jadawali da aka gina da awon baya, kuma ruwan bai taɓa kai wannan matsayi a jadawalin ba. Lamba guda aka bai wa jama'a, su kuma suka ɗauke ta a matsayin iyaka. Bayan haka ne hasashe mai nuna yiwuwa, kashi kaza cikin ɗari ruwa zai wuce nan, ya samu karɓuwa.

Irin wannan rashin fahimta na bin kalmar "ambaliyar shekara 100". Ma'anarta yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, wanda ke nufin kusan kashi 26 cikin 100 ga gidan da zai yi shekara 30 a wurin. Kuma ana fitar da ita ne daga bayanan da sau da yawa ba su kai shekara 50 ba, bisa zaton gobe za ta yi kama da jiya, zaton da sauyin yanayi da bunƙasar birane suka raunana. A kwarin Ahr na Jamus, inda mutum fiye da 130 suka rasu a Yulin 2021, taswirorin haɗari sun dogara ne da awon da aka fara bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan ambaliyoyin 1804 da 1910 ba su shiga lissafi ba. Tsarin gargaɗi na Turai, wanda aka kafa bayan ambaliyar kogunan Elbe da Danube ta 2002, ya hango ruwan kwanaki kafin ya zo. Ma'aunin da ke garin Altenahr na kwarin kuwa ruwan ya tafi da shi tun kafin ya kai ƙololuwa.

Daga 2018 an shiga sabon babi, inda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da bayanan ɗaruruwan koguna lokaci guda, ba tare da tankuna ko murabba'ai ba, kuma a gwaje-gwaje da dama ta doke tsofaffin samfura, har a kogunan da ba ta taɓa gani ba. Google na amfani da irinta a dandalinsa na Flood Hub. Sai dai abin da take koyo daga tashoshin awo yake fitowa, su kuma sun fi yawa a Arewacin Amurka da Turai, sun fi ƙaranci a yankunan da ambaliya ta fi kisa. Ana sa ran taurarin ɗan'adam su cike giɓin. Wanda aka harba a Disambar 2022 mai suna SWOT yana auna tsayin ruwa a kogunan da faɗinsu ya kai mita 100, yana kammala zagayensa duk kwana 21, alhali ambaliyar ƙaramin kogi kan tashi ta sauka cikin dare ɗaya.