Shin yawan 'yan kallo yana hana a kai agaji?

An daɗe ana cewa idan rigima ta kaure a bainar jama'a kowa zuba ido yake yi. Tushen maganar shi ne kisan Kitty Genovese a birnin New York a 1964, lokacin da jaridar New York Times ta ruwaito cewa mutum 38 sun shaida abin ba wanda ya motsa. Daga baya aka gano an zuzuta rahoton ƙwarai. Ashe ma wata maƙwabciyarta ta fito ta riƙe ta har motar asibiti ta iso, kuma abin takaici ne yadda aka manta da wannan maƙwabciya.

Gwajin da masana halayyar ɗan Adam Darley da Latané suka yi a 1968 ya nuna cewa jikin mutum yakan yi sanyi idan ya san akwai wasu a wurin. Sai dai wanda ake duka buƙatarsa wani ya shigo, ko wane ne. A 2019 Richard Philpot da abokan aikinsa sun nazarci bidiyon kyamarorin tsaro na faɗace-faɗace 219 a biranen Lancaster (Ingila) da Amsterdam (Netherlands) da Cape Town (Afirka ta Kudu). A kashi 91 cikin 100 an samu wanda ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a ƙara yiwuwar hakan ya yi.