Wa zai biya kuɗin binciken tsaftar gona?

Duk wanda ya taɓa yunƙurin fitar da barkono ko citta ta tashar Apapa ya san ana neman takarda tun kafin a yi maganar farashi. Mai saye a Turai yana son shaidar cewa wani mai bincike ya taka gonar da ƙafarsa, ya duba ruwan da ake ban-ruwa da shi, da irin takin da ake zubawa, da makewayin ma'aikata da wurin wanke hannunsu, ya kuma ga littafin da aka rubuta ranar kowane feshi. Binciken nan kuɗi yake ci, kuma abin da mai kadada biyu zai biya bai yi nisa da na mai kadada ɗari ba. A nan ƙaramin manomi ke faɗuwa.

Amurka ta fito da wani shiri kan wannan a 2022. Ma'aikatar Noma ta ƙasar ta ware har dala miliyan 200 domin masu noman kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Dokar tsaftar abinci da Obama ya sa wa hannu a 2011 ba ta tilasta wa manomi ɗauko mai bincike ba. Manyan shaguna da dillalai ne ke cewa in babu takarda babu ciniki. Shi ya sa gwamnati ta shigo ta ɗauke wani ɓangare na nauyin.

Ga yadda abin yake. Manomi zai fara biya daga aljihunsa, ya adana rasit, sannan ya kai ofishin noma na yankinsa a mayar masa. A farkon shirin, sai wanda cinikinsa na shekara bai wuce dala 500,000 ba. A lokacin ana mayar da rabi, ko kashi 75 cikin ɗari ga rukunin manoman da aka daɗe ana bari a baya, kuma abin da ake mayarwa kan takardar shaida kanta ba ya wuce dala 2,000. Tsara shirin tsafta, gwajin ruwa da na amfanin gona, da horo duk suna ciki. Gini, sayen inji da albashin ma'aikata ba sa ciki.

Me ya haɗa wannan da ɗan kasuwar Mile 12 da ke Legas? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka riƙa samu a cikinsa. Haramcin ya faɗa kan kowa, har da manomin da bai taɓa zuba fiya-fiya a buhunsa ba, ba tare da an raba shi da masu yi ba. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Muna buƙatar irin wannan tallafi, amma a ganina tsarin biya-tukuna-a-mayar-maka ba zai yi mana ba. Manomin rani a Kadawa ba shi da kuɗin da zai zuba ya zauna jiran gwamnati. Tsarin GlobalG.A.P. na ba gona takardar shaida, wanda shagunan Turai ke nema, ya yarda ƙungiyar manoma ta yi takarda guda a madadin mambobinta. Gara gwamnati ta biya mai binciken kai tsaye da sunan ƙungiya, ƙungiyoyin 'yan gwari na Mile 12 kuma, da suka san gonar da kowane kwando ya fito, su taimaka wajen haɗa manoman.