Baƙin filogi da iyakilina a tsofaffin motoci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wannan na masu motoci masu kafireta ne (na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji), irin su Peugeot 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da Volkswagen Beetle. Tambayoyinku ba sa canzawa, don haka ga amsoshin wuri ɗaya.

Filogina ya yi baƙi, in sayi sabo?

Dakata tukuna. Filogi ba ya baƙi haka kawai, wani abu ne ya ɓata shi, kuma sabon da za ka ɗaura zai bi sahun tsohon cikin kwana kaɗan. Bari inji ya huce, ka ciro duka huɗun, ka jera su yadda ka ciro su, sannan ka shafa yatsa a bakin kowanne.

To me zan gani?

In baƙin busasshe ne kamar kunkunniya, yana kama yatsa, fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan. In yana da maiƙo da danƙo, baƙin mai ne ke shiga inda bai kamata ba. In ya jiƙe yana warin fetur, wuta ce ba ta isa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, mayar da abinka.

An ce in cire iyakilina (matatar iskar da ke shiga inji) mota za ta fi ƙarfi.

Wanda ya gaya maka haka ba shi zai biya kuɗin zoben fistin ba. Ka dubi ƙurar da ke kwanta a gilashin motarka da safe lokacin hunturu, ita injinka zai riƙa haɗiya, tana goge bangon silinda a hankali. Kuma in kafireta ta yi tari ta feso wuta, babu abin da zai tare ta. In mota ta fi ƙarfi da ka cire shi, to ya toshe ne. Gyara shi za ka yi, ba jefarwa ba.

Zan iya wanke iyakilina na takarda?

A'a. Ba da ruwa ba, ba da fetur ba. Ɗaga shi ka hanga rana ta cikinsa, in haske bai ratso ba canza shi.

Filogin duk huɗun sun yi busasshen baƙi, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Kafireta ce?

Kowa hannunsa na kan kafireta, ita ake fara kwancewa, alhali galibi ba laifinta ba ne. Duba iyakilina farko. Sai cok, murfin da ke rage iska wajen tayar da inji mai sanyi, ka tabbata yana buɗewa gaba ɗaya in inji ya yi ɗumi. Sannan ka tambayi kanka ko motar tana tafiya mai nisa, don motar da ake tayarwa a bar ta a silo minti goma a kashe, filoginta ba ya samun zafin da zai ƙone dattinsa. Sai waɗannan sun fita daga zargi za a taɓa kafireta.

Filogi na maiƙo, na kuma ga baƙin mai cikin iyakilina. Bakanike ya ce sai an sauke inji. Haka ne?

Mai yiwuwa ya yi gaskiya, amma kada ka yarda a kwance ko ƙusa ɗaya yau. Kwantar da hankalinka mu bi a hankali.

Da farko, wane irin iyakilina gare ka? Tsofaffin Beetle da wasu Peugeot suna da irin mai kwanon mai a ƙasa, iska na bi ta kan man, ƙura ta maƙale. A irin wannan, ganin mai ba ciwo ba ne. Akwai layi a jikin kwanon inda man zai tsaya. In yaron gareji ya cika shi ya wuce layin, inji zai riƙa zuƙar man ta kafireta, filogi ya yi maiƙo, salansa ta yi shuɗin hayaƙi, kai ka ce zobe ya mutu. Zubar da man, kankare laka da ta taru a gindin kwanon, wanke ragar da kananzir ka bar ta ta tsane sosai, zuba sabon mai daidai layi. Goge filogi, yi tafiyar kwana biyu, ka sake dubawa.

In na takarda ne kuma ya jiƙe da mai, duba tiyon da ya taso daga inji ya shiga iyakilina. Ta nan inji ke numfashi. Wataƙila an cika baƙin mai ya wuce alamar sandar awo, wannan mai sauƙi ne. Wataƙila kuma hayaƙi ne ke kuɓucewa ta gefen zobe yana turo man sama, nan maganar bakaniken ta fara nauyi. Duk da haka akwai sauran tambaya: yaushe hayaƙin ke fita? In da safe ne kawai wajen tayarwa sai ya ɗauke, zargi ya fi karkata ga bawul, aikin kan inji ne kaɗai. In kuma duk ka taka totur sai ya turnuƙe, zobe ne ya fi kusa. Na ce ya fi kusa, ban ce tabbas ba, don tsohon inji kan haɗa biyun. Abin da zai raba gardama shi ne a auna matsin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na mai ta ramin filogi a sake aunawa. In awon ya tashi sosai, zobe ne. In bai motsa ba, a nemi bawul ko gasket. Bakaniken da ya ƙi yin wannan awon, ya ce shi da kunne yake ganewa, ɗauki motarka ka tafi wani wuri.

Filogi ɗaya ne kawai ya yi baƙi.

To ba iyakilina ba ne, shi duka huɗun yake shafa. Duba wayar wannan filogin, sannan matsin silindarsa.

In sa filogi mai zafi, wato wanda bakinsa ya fi riƙe zafi, don ya daina maiƙo?

Zai ɗan jinkirta, ba zai warkar ba. Kuma ka kula da lamba: a filogin kamfanin NGK, lamba na hawa filogi na ƙara sanyi, a na kamfanin Bosch akasin haka ne. Mutane da yawa sun sayi kishiyar abin da suke nema saboda wannan. Tsaya kan lambar da aka rubuta wa motarka.

Nawa ne tazarar bakin filogi?

A Beetle, milimita 0.6 zuwa 0.7. Da ma'auni ake saitawa, ba da ido ba.

Filogina fari ne fat, ai lafiya ke nan ko?

Wannan ya fi baƙin tayar mini da hankali. Inji na zafi, fetur bai ishe shi ba, ko iska na shiga ta wata kafa a gindin kafireta. Baƙi zai ci maka kuɗin fetur, fari zai iya huda fistin. Mai tsohuwar Beetle ya fara da silinda ta 3, ita ta fi saurin zafi. Kada ka hau babbar hanya sai an gano dalili.