Ƙin da aka yi maka ba shaidar fushin Allah ba ne

Akwai wani tsohon tunani a tsakanin Kirista: idan an hana mutum aiki, ko neman aure ya watse, ko addu'a ta daɗe ba amsa, sai a ce akwai zunubin da yake ɓoyewa, ko bangaskiyarsa ce ta gaza. Wasu ma da sunan jaje suke faɗar haka, su bar mai ciwo da ciwo biyu.

Wannan magana ai ta abokan Ayuba ce. Sun nace cewa laifinsa ne ya jawo masa masifa, amma a sura ta 42 ta Littafin Ayuba Ubangiji da kansa ya tsawata musu, ya ce ba su faɗi gaskiya a kan shi Ubangiji ba.

Dubi Yusufu. Yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A cikin shekaru 13 ɗin nan ya yi bauta, ya sha ƙazafi, ya shiga kurkuku, mai shayarwar sarki kuma ya manta da shi har shekara 2. Abin mamaki, a daidai wuraren nan ne Littafin Farawa yake nanata cewa Ubangiji yana tare da shi.

Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Yesu ma mutanen Nazarat, garin da ya girma, sun fitar da shi za su jefa shi daga kan dutse.