Ma'anar "homebound": idan ɗalibi ya kwanta, makaranta ta bi shi gida

Iyayen da 'ya'yansu ke makarantun gwamnati a Amurka kan ci karo da kalmar "homebound" a takardar da makaranta ta aiko, galibi bayan yaro ya kwana biyu ba a gan shi a aji ba. Asalin kalmar na nufin wanda larura ta tsare a gida. A bakin malamai kuwa sunan wani tsari ne: idan ciwo ya kwantar da ɗalibi, a gida ko a gadon asibiti, hukumar makarantun yankin za ta tura masa malami har inda yake, ba a karɓi ko sisi ba, sunansa kuma na nan daram a rajistar ajinsu. Da Hausa sai mu ce karatun jinya.

Ya sha bamban da karatun gida da wasu iyaye ke zaɓa, su cire yaro daga makaranta su koyar da shi da kansu. Wancan ra'ayi ne. Wannan kuwa dole ce ta kawo shi, kuma nauyin yana wuyan makaranta.

Tushen abin doka ce. A 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati ilmantar da yara masu naƙasa kyauta, wadda tun 1990 ake kira IDEA. Cikin wuraren da ƙa'idojinta suka amince a koyar da yaro har da gida da asibiti. Amma gwamnatin tarayya ba ta ƙayyade sa'o'i ba, ta bar wa jihohi, shi ya sa kowace jiha da nata awon. A Texas sai likita ya rubuta cewa yaron zai yi aƙalla mako 4 a tsare, ko da ba a jere ba. A Florida kwana 15 na makaranta ake nema. A California, idan an kwantar da yaro a asibitin wani gari, hukumar makarantun garin da asibitin yake ce za ta koyar da shi, ko da iyayensa ba a can suke zaune ba.

Ga inda ya kamata uba ya buɗe ido. A California sa'a 1 ta koyarwa ana lissafa ta a matsayin yini guda na makaranta. A Texas sa'a 4 a mako ta tsaya a madadin mako sukutum. Dalili kuwa kuɗi: waɗannan jihohi biyu suna biyan makarantu ne gwargwadon yawan ɗaliban da suka halarta, don haka tilas a san yadda za a ƙirga wanda ke kwance. Masu kare tsarin na cewa sa'a guda malami da ɗalibi su kaɗai ta fi yini cikin hayaniyar aji. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai sa'a 4 ba ta ɗaukar lissafi da kimiyya da Turanci da tarihi a tare. Wani abu dole ya zube.

A ɗauki yarinya 'yar aji bakwai mai ciwon sikila. Ciwon ya tashi, an sallamo ta daga asibiti amma ƙafa ba ta taku. Da yamma malama za ta zo, yawanci bayan ta tashi daga nata ajin, da takardun aikin da malaman yarinyar suka tara. Za su zauna a teburin cin abinci, kuma sai da babba a gidan, domin galibin hukumomi ba sa barin malami da yaro su kaɗai. In zafin ya motsa a tsakiyar darasi, a rufe littafi, a sa wata rana. Masu irin wannan ciwo da ke tafiya yana dawowa, wasu jihohi kamar Georgia sun ba su damar shiga tsarin lokaci-lokaci, yau gida, jibi aji. Ciwon ƙwaƙwalwa da damuwa mai tsanani ma suna shiga, haka 'yan mata masu jego a wasu jihohin. Yanzu kuma wani ɓangaren darasin ta kwamfuta ake yi.

Wani ƙorafi da ake yi wa tsarin shi ne wasu makarantu na fakewa da shi su kawar da yaron da ya gagare su a aji, a ce ya je gida a riƙa aika masa malami. Dokar IDEA ba ta goyi bayan haka ba, domin ta ce a koyar da mai naƙasa tare da tsaransa iyakar iyawa. Kuma yaron da ke ƙarƙashin wannan doka ba a mayar da shi karatun jinya sai kwamitin da ke tsara masa karatu ya zauna, iyayensa kuma suna da kujera a wannan zaman.