Wai in ka shiga soja karatu ya ƙare?

Wannan magana ta daɗe tana yawo a fadodin Yamai, har iyaye na hana yaro mai lisansi yin konkur ɗin shiga soja wai zai watsar da biro ya ɗauki bindiga. Ba haka ba ne ƴan uwa. Makarantar hafsoshin sojan Nijar sai mai takardun karatu take ɗauka, kuma likitocin soja da kuke gani, wasu a makarantar likitocin soja ta Lome suka yi shekaru suna karatu, gwamnati ke biya.

A Amurka ma akwai tsarin ROTC, ɗalibi yana jami'a yana horon hafsa, har mai yin masta yana iya samun tallafin shekara 2, amma fa sai ɗan ƙasar Amurka, kada wani ya karɓe maka kuɗi a Facebook wai zai saka ka.

Abin da ya fi damuna shi ne yara ba sa karanta sharaɗi. Ko a nan Nijar kuɗin karatun ba kyauta ba ne, hannu za ka sa kan za ka yi wa sojoji aiki shekaru bayan ka gama, kuma su ke zaɓen inda za a tura ka, ko Agadas ko Difa.