Waiwaye: Yadda madara ta daɗe tana haɗa jihohin Amurka faɗa

A 1933 wani mai kanti a garin Rochester na jihar New York, Leo Nebbia, ya sayar da madara kwat biyu, wato kusan lita biyu, a kan senti 18, ya ɗora wa mai saye burodin senti 5 a matsayin gyara. Gyaran nan ne ya kai shi gaban alƙali. Hukumar madara ta jihar ta riga ta hana sayar da kwat ɗaya ƙasa da senti 9, burodin kuwa ragi ne ta bayan fage. A 1934 Kotun Ƙolin Amurka ta ba jihar gaskiya, alƙalai 5 suka rinjayi 4.

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin tattalin arzikin ƙasar ya karye, farashin madara ya faɗi warwas, har masu kiwo a Wisconsin suka riƙa tare motoci a hanya suna tuntsurar da madara a ƙasa don baƙin ciki. Madara ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira kasuwa ta yi kyau. Dole a tatsi saniya safe da yamma, abin da aka tatsa kuma in ya kwana biyu ya lalace. Saboda haka wuƙa da nama suna hannun kamfanonin da ke saye. Duk wanda ya san wahalar kiwo zai tausaya wa masu neman a sa musu farashi.

Sai dai farashin New York ya tsaya a iyakar New York. Kamfanin Seelig, dillalin madara a New York, ya riƙa sayo madara mai arha daga jihar Vermont, New York ta ce ba za a sayar da ita a ƙasarta ba sai an biya makiyayan Vermont farashin da ta ƙayyade. A 1935 kotun ta soke wannan, Mai shari'a Benjamin Cardozo ya ce an gina tsarin mulkin ne a kan jihohi su nitse tare ko su tsira tare.

Daga nan aka shiga dabaru. Birnin Madison na jihar Wisconsin ya ce don kare lafiya, ba za a sayar da madarar da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta ba sai an dafa ta cikin mil 5 daga tsakiyar gari. Kotu ta gane shinge ne aka yi wa madarar jihar Illinois mai maƙwabtaka, ta rushe shi a 1951. Massachusetts ta sa haraji a kan duk madarar da dillalai ke sayarwa, ta raba kuɗin ga makiyayanta kaɗai. Wannan ma ya faɗi a 1994.

Abin da ya fi damuna shi ne, ƙofar da kotu ta rufe wa jihohi, majalisar tarayya ta buɗe ta. Dokar 1937 ta ba gwamnatin tarayya ikon yanka mafi ƙarancin farashi yanki-yanki. A ƙarƙashinta farashin madarar sha ya riƙa hawa gwargwadon nisan wuri daga garin Eau Claire na Wisconsin. Makiyayin Florida ya samu ƙari, na Wisconsin da ke iya samar da madara da arha ya samu mafi ƙanƙanta. A 1996 kuma majalisar ta amince jihohi shida na arewa maso gabas su haɗa kai su sa nasu farashin, suka yanka dala 16.94 a kan fam 100, kimanin kilo 45. 'Yan majalisar Wisconsin da Minnesota suka yi ta adawa da shi har wa'adinsa ya ƙare a Satumbar 2001.

A 2000 an rage yankunan farashin daga 31 zuwa 11, California da ta daɗe da nata tsarin ta shigo na tarayya a 2018. Ƙaramin makiyayin da aka yi duk wannan shari'a da sunansa kuwa sai sayar da garke yake yi. Gonakin madara masu lasisi sun haura 70,000 a 2003, zuwa 2022 ba su kai 30,000 ba.